Raɗa a tsakiyar kasuwa: Yadda fasahar UWB ke gano siginar da ke neman danne ta

Duk wanda ya sauka a filin jirgin sama na Diori Hamani bayan shekara biyu ko uku a ƙetare ya san faɗuwar gaban da ake yi a wurin jiran kaya. Akwatunan mutane na fitowa ɗaya bayan ɗaya, naka shiru, alhali a cikinsa tsarabar gida take. Matsalar ta duniya ce baki ɗaya: kamfanin SITA, mai haɗa na'urorin filayen jiragen sama, ya ce akwatuna kusan miliyan 26 ne suka ɓace, suka makara ko suka lalace a shekarar 2022.

Shi ya sa matafiya da dama ke jefa wani ɗan abu mai girman marfin kwalba a cikin kayansu, irin su AirTag na Apple ko SmartTag na Samsung. Daga nesa, abin na amfani ne da Bluetooth da wayoyin mutanen da ke kusa da shi wajen sanar da kai garin da akwatin yake. Idan kuma ka matso kusa, sai wata kibiya ta fito a fuskar wayarka tana cewa saura mita huɗu, juya dama. Wannan kibiyar aikin wata fasaha ce daban da ake kira UWB, wato sadarwa ta zango mai matuƙar faɗi.

Fasahar na iya auna tazara da kuskuren da bai wuce kimanin santimita 10 ba. Sai dai tana da rauni guda babba: muryarta ƙasa-ƙasa ce ƙwarai, kuma a sararin da take magana akwai maƙwabta masu ƙarfin murya sau dubbai. Yadda na'ura za ta gane cewa wani ya shigo mata layi, ta gano inda ya shigo, ta kuma kauce masa, shi ne aikin da injiniyoyi suka shafe sama da shekara 20 suna fama da shi. Yanzu kuma maganar ta kai teburin da ƙasashe ke rabon zangon sadarwa, teburin da Nijar ma ke da kujera a kansa.

Faɗi maimakon ƙarfi

Kowace tashar FM da kake kamawa a Maraɗi ko Damagaram tana zaune ne a wani ɗan siririn wuri mai faɗin kilohaz 200. Dukkan tashoshin FM, daga 87.5 zuwa 108, sun mamaye megahaz 20 da rabi ne kacal. Haka akasarin hanyoyin sadarwa suke: a ba ka siririn zango naka, ka zuba dukkan ƙarfinka a ciki.

UWB ta ɗauki akasin haka. Tasharta guda ɗaya faɗinta megahaz 500 ne, wurin da zai ɗauki tashoshin FM 2,500. A maimakon igiya mai tafiya ba tsayawa, ƴan gajerun bugu take aikawa, kowanne tsawonsa kusan nanosakan biyu, wato kashi biyu cikin biliyan na daƙiƙa ɗaya. Gwargwadon gajartar bugu, gwargwadon faɗin zangon da yake watsuwa a kai.

Amfanin gajartar shi ne awo. Igiyar rediyo na gudu ne da saurin haske, santimita 30 a kowane nanosakan. Wayarka za ta aika bugu, AirTag ya amsa, sai wayar ta lissafa lokacin da aka ɗauka wajen zuwa da dawowa, ta mayar da shi tazara. Bluetooth da Wi-Fi galibi kintace suke yi daga ƙarfin sigina, wanda bango ko jikin mutum ke iya sauyawa. UWB agogo take dubawa.

Apple ya saka fasahar a iPhone 11 a watan Satumban 2019, Samsung ya biyo baya da Galaxy Note20 Ultra a 2020, Google kuma da Pixel 6 Pro a 2021. A gasar cin kofin duniya ta Katar a 2022, ƙwallon Al Rihla na ɗauke da na'urar kamfanin Kinexon na Jamus mai nauyin giram 14. Ɓangarenta ɗaya na jin taɓawa sau 500 a daƙiƙa, shi ne ya nuna kan Cristiano Ronaldo bai taɓa ƙwallon da Bruno Fernandes ya ci Yurugwai ranar 28 ga Nuwamba ba. Ɗaya ɓangaren na UWB ne, mai faɗin inda ƙwallon take a fili, a tsakiyar dubban wayoyin ƴan kallo.

Inda abin ya fi tsada shi ne makullin mota. Tun a 2011 masu bincike a jami'ar ETH ta birnin Zurik suka gwada motoci 10 na kamfanoni takwas masu buɗewa da kansu idan makulli ya matso, kuma dukkansu suka buɗe ta hanyar dabara ɗaya: ɓarawo ɗaya ya tsaya kusa da mai makulli, ɗaya kusa da mota, na'urorinsu su miƙa siginar daga nan zuwa can, mota ta ɗauka mai ita ne ya iso. Irin waɗannan motoci na cikin na hannu da ke shigo mana daga Turai ta tashar ruwan Lome. Da UWB, motar na auna lokacin tafiyar bugu, kuma duk na'urar da ta miƙa sigina ƙara masa lokaci take yi, ba ta iya ragewa, don ba mai tsere wa haske. Kamfanoni irin su BMW da Volkswagen sun rungumi tsarin saboda wannan dalili.

Sharaɗin da aka gindaya mata

Tarihin abin akwai ban mamaki, domin rediyon farko ma mai faɗin zango ne. Na'urar da Guglielmo Marconi ya aika sigina da ita daga Ingila zuwa gaɓar Kanada a watan Disamban 1901 tartsatsin wuta take fitarwa, kuma kowane tartsatsi na fantsama ko'ina a zango, yana shiga layin kowa. Bayan nutsewar jirgin ruwan Titanic a watan Afrilun 1912, lokacin da saƙonni suka riƙa cin karo da juna, Amurka ta yi dokar rediyo a wannan shekarar, daga baya ƙasashe suka haramta na'urorin tartsatsi. Daga nan aka koma tsarin kowa da siririn layinsa, sai lasisi.

An shafe shekaru gommai fasahar gajeren bugu na hannun sojoji da masu ƙera rada. Sai ranar 14 ga Fabrairun 2002 hukumar sadarwa ta Amurka, FCC, ta ba ta izinin shiga kasuwa a tsakanin gigahaz 3.1 zuwa 10.6. Fili ne mai girman gaske, amma ba kango ba ne. A cikinsa akwai zangon da manyan faya-fayan tauraron ɗan'adam ke kama tele, da na'urorin auna nisan jirgin sama daga ƙasa, da Wi-Fi na gigahaz 5, da radar hasashen yanayi, da waɗannan fararen ganguna da kake gani a jikin dogayen ƙarafan rezo suna miƙa kira daga gari zuwa gari. Daga baya 5G ma ta zo ta zauna a wajen gigahaz 3.5.

Don kada sabuwar baƙuwa ta dame su, aka ƙayyade mata ƙarfi daidai da ɗan yoyon sigina da doka ta yafe wa kwamfuta da sauran kayan lantarki su fitar ba da gangan ba. A lissafi, kusan nanowat 75 ne a kowane megahaz, wato kimanin maikurowat 37 a tasha mai faɗin megahaz 500. Aka kuma ƙara da sharaɗi biyu: ba ta da izinin damun kowa, kuma idan aka dame ta ba ta da wurin kai ƙara. Tarayyar Turai ta bi sahu a 2007 da irin wannan sharaɗi.

Kamfanoni na ɗaukar dokar da muhimmanci. A watan Disamban 2019 ɗan jaridar Amurka Brian Krebs ya lura iPhone 11 Pro na duba inda take ko da mai ita ya kashe wa dukkan manhajoji izinin hakan. Apple ya amsa cewa wayar na dubawa ne don ta kashe UWB a wuraren da doka ta hana. Akwai ƙasashe irin su Rasha da wayar ba ta kunna fasahar sam.

Me ke faruwa idan maƙwabci ya ɗaga murya?

A Turai, akwatin Wi-Fi na cikin gida da ke aiki a gigahaz 6 na da izinin fitar da miliwat 200. Idan aka kwatanta da maikurowat 37, ya ninka UWB sama da sau 5,000. Tazara kuma na ƙara dagula lissafin, tunda ƙarfin sigina a fili na raguwa ne sau huɗu duk lokacin da nisa ya ninka biyu. Idan akwatin Wi-Fi na mita ɗaya da kai, abin da kake nema kuma na mita 10, bambancin da ke isowa eriyar wayarka ya kai sau dubu 500.

Ita na'urar UWB ƙofarta a wangale take, dole ta saurari dukkan faɗin megahaz 500 kafin ta ji bugunta. Don haka duk siririn siginar da ya faɗo cikin wannan faɗin, ciki zai shige. Wannan shi ake kira katsalandan na siririn zango, kuma ɓarnarsa iri biyu ce.

Ta farko direbobin dare sun san ta. Idan tirela ta haska ka da babbar fitila a hanyar Tawa, idonka na tsukewa, mai tafiya a ƙafa a gefen hanya ya ɓace maka, alhali yana nan. A cikin na'ura akwai amfilifaya mai ƙara wa raunanan sigina ƙarfi, da wani sashe mai mayar da siginar lambobi. Idan babban sigina ya shigo, na'urar na rage ƙarfin amfilifayar da kanta don kada ta cika ta tumbatsa, sai ɗan bugun UWB ya faɗi ƙasa da abin da sashen lambobi ke iya aunawa.

Ta biyu ta fi haɗari, don ba ta nuna kanta. A cikin ɗaki, bugu ɗaya kan iso sau da yawa: na farko ta miƙaƙƙiyar hanya, sauran bayan sun daki bango, rufi ko jikin mota sun dawo. Tazarar gaskiya na tare da wanda ya fara isowa, kuma sau da yawa shi ne mafi rauni, misali idan makullin na aljihun baya, jikinka ya tare shi. Katsalandan na iya binne wannan na farkon, na'ura ta kama na biyu, ta ce kana mita shida alhali kana mita uku. Yana kuma iya ƙirƙiro wani tudun ƙarya kafin na gaskiya, ta ce ka fi kusa. A wajen neman akwati, ɓata lokaci ne kawai. A masana'antar da ake maƙala wa ma'aikata UWB don motar ɗaga kaya ta tsaya idan mutum ya matso, kuskuren mita biyu na iya zama rai.

UWB na da kariyar da aka haife ta da ita. Ba ta dogara da bugu ɗaya: ɗaruruwa ko dubbai take aikawa bisa wani tsari da mai aikawa da mai karɓa suka sani, mai karɓa ya tara su. Nata na taruwa su yi tudu, na baƙo kuma da bai bi tsarin ba yana kashe juna. Wannan na maganin matsakaicin katsalandan. Idan bambancin ya kai dubun dubata, tarawa kaɗai ba ta isa, dole a nemo mai kutsen.

Hanyoyin gano mai kutse

Hanya mafi sauƙi ita ce sauraro lokacin shiru. Tunda UWB bugu take yi ta tsaya, na'ura na iya auna ƙarfin da ke shigowa a lokacin da ba a sa ran komai. Idan ya zarce ƴar hayaniyar da aka saba, akwai baƙo. Hanyar ba ta cin batir sosai, amma iyakarta ta ce akwai wani, ba ta faɗin ko wane ne, ko a ina yake zaune.

Hanya ta biyu ita ce rarraba zangon gida-gida. Asalin lissafin na Bafaranshe Joseph Fourier ne, wanda ya wallafa shi a 1822, sai James Cooley da John Tukey suka fito da hanyar yin sa cikin sauri a kwamfuta a 1965. Na'ura na ɗaukar siginar da ta shigo, ta raba megahaz 500 ɗin zuwa ƙananan gidaje ɗari ko fiye, ta duba ƙarfin da ke cikin kowanne. Siginar UWB shimfiɗe take, kowane gida ɗan kaɗan, kamar an baza gero a tabarma. Siririn sigina kuwa a gida ɗaya ko biyu yake tsibe, ya yi tsiri sama da saura. Da an ga tsirin an san akwai kutse, an san wurinsa, an san faɗinsa da ƙarfinsa.

Wahalar na wajen yanke hukunci: tsiri mai wane tsawo ne za a kira kutse? Idan aka sa ma'aunin ƙasa da yawa, na'ura za ta riƙa ihun ɓarawo a kan hayaniyar banza, tana yanke sassan siginarta masu kyau. Idan aka ɗaga shi da yawa, ɓarawon gaske zai wuce. Ba a iya kawar da kurakuran biyu a lokaci guda, rage ɗaya na ƙara ɗayan. Mafitar da aka aro daga masu ƙera rada ita ce kada ma'aunin ya tsaya wuri ɗaya: a kwatanta kowane gida da matsakaicin maƙwabtansa na dama da hagu, ta yadda ma'aunin zai riƙa hawa da sauka tare da hayaniyar wurin.

Akwai wani nau'in UWB da aka gina shi a kan wannan tunani tun daga tushe. A farkon shekarun 2000, ƙawancen WiMedia, da kamfanoni irin su Intel da Texas Instruments a ciki, ya raba filin zuwa zanguna 14 masu faɗin megahaz 528, kowanne da ƙananan layuka 128. Idan kutse ya faɗa kan layi uku ko huɗu, sai a yi musu alamar kada a yarda da su, a cike giɓin daga sauran. An so a maye gurbin wayar USB da shi, amma rikici da ɓangaren kamfanin Freescale ya sa kwamitin IEEE mai tsara ƙa'idar ya watse a watan Janairun 2006 ba tare da matsaya ba, kasuwar ta mutu. Wadda ta rayu ita ce UWB mai gajeren bugu, da ƙa'idarta ta 2007 da aka sabunta a 2020, kuma ita ce ke cikin wayoyin yau.

Hanya ta uku na duba ɗabi'ar siginar. Bugun UWB kamar walƙiya yake, ya zo ya wuce. Siririn sigina kuwa maimaita kansa yake yi, abin da ya yi yanzu shi zai yi bayan ɗan lokaci. Idan na'ura ta kwatanta abin da ta ji da abin da ta ji ɗazu ta ga sun yi kama sosai, to akwai mai maimaici a ciki, kuma abin da ake iya hasashensa ana iya cire shi. A ƴan shekarun nan masu bincike na horar da ƙirƙirarriyar basira da dubban misalan sigina mai tsabta da mai kutse, don ta koyi bambanta Wi-Fi da rada da 5G.

Dukkan waɗannan na cin karo da abu ɗaya, wato batir. Kafin a mayar da zango mai faɗin megahaz 500 lambobi, sai an ɗauki awo kusan biliyan ɗaya a kowace daƙiƙa. AirTag kuwa da ɗan batirin agogo yake aiki, wanda ake so ya kai kusan shekara. Shi ya sa wani reshen lissafi da Emmanuel Candès, Terence Tao da David Donoho suka assasa a wajajen 2006 ya ja hankalin masu wannan bincike. Ya nuna cewa idan abin da kake nema ƴan wurare kaɗan ya mamaye a cikin fili mai faɗi, kana iya gano shi da awo kaɗan ƙwarai. Siririn sigina a cikin faffaɗan zango ya dace da wannan siffa.

Bayan an gano shi fa?

Maganin da aka fi sani shi ne a sa matata mai toshe daidai gidan da kutsen yake, ta bar saura su wuce. Idan kutsen na da faɗin megahaz 20, kashi huɗu cikin ɗari na tashar kawai aka rasa. Sai dai kowace yanka na ɗan lanƙwasa siffar bugun, ta sa shi jan wutsiya, kuma daga siffar nan ake karanta lokaci. Saboda haka gano ainihin wurin kutsen da faɗinsa ke da muhimmanci, don a yanka daidai gwargwado.

Akwai kuma sauya tasha, da jiran Wi-Fi ya yi shiru tunda shi ma guntu-guntu yake magana, da watsar da awon da aka san ya gurɓata a sake wani. Na'ura mai eriya biyu ko uku na iya toshe kunnenta ta ɓangaren da kutsen ke fitowa. A harkar makulli, na'urar da ta ce ban tabbata ba, a sake gwadawa, ta fi wadda ta ba da lambar ƙarya da ƙarfin gwiwa.

A Turai ganowar ta zama doka, amma don kare maƙwabta. Na'urar da ke son cikakken ƙarfi a tsakanin gigahaz 3.1 zuwa 4.8 dole ta yi ɗaya daga biyu: ko ta riƙa sauraro, idan ta ji mai lasisi a kusa ta rage murya ko ta kauce, ko kuma ta taƙaita maganarta, jimilla kada ta wuce daƙiƙa 18 a cikin awa guda. Wannan wahalar na cikin abin da ya sa masu ƙera waya suka haura sama, suka zauna a tashoshi biyu: tasha ta 5 mai tsakiya a megahaz 6,489.6, da tasha ta 9 mai tsakiya a megahaz 7,987.2. A lokacin nan ne wurin da ya fi shiru.

Unguwar ta fara cika

Shirun bai daɗe ba. A watan Afrilun 2020 FCC ta buɗe wa Wi-Fi megahaz 1,200, daga 5,925 zuwa 7,125, lamarin da ya haɗiye tasha ta 5 ɗungurungum, tunda ita daga 6,240 zuwa kusan 6,740 take. Kanada, Koriya ta Kudu da Saudiyya sun buɗe dukkan wannan fili. Tarayyar Turai ta buɗe rabin ƙasa a 2021, daga 5,945 zuwa 6,425, haka ma Maroko, Kenya da Afirka ta Kudu suka buɗe ɓangaren ƙasa.

Sabon Wi-Fi kuma ya canza ma'anar kalmar siriri. Wi-Fi 6E na iya amfani da tasha mai faɗin megahaz 160, Wi-Fi 7 kuma 320. Matatar da za ta yanke 320 daga cikin 500 ta bar na'ura da abin da bai kai rabi ba. A nan dabarar toshewa ta ƙare, sai kaucewa ta lokaci ko ƙaura.

Rabin saman ma an yi masa miji. A babban taron rediyo na duniya da hukumar ITU ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta gudanar a Dubai a ƙarshen 2023, an ware megahaz 6,425 zuwa 7,125 domin rezon wayar salula a Yanki na 1, wanda ya ƙunshi Afirka, Turai da Gabas ta Tsakiya. Ke nan tasha ta 5 na tsakanin Wi-Fi ta ƙasa da 5G ta sama. Wannan ya sa kamfanoni ke karkata zuwa tasha ta 9. To amma ajandar taro na gaba, na 2027, ta ƙunshi nazarin bai wa rezon waya megahaz 7,750 zuwa 8,400 a yankin namu, kuma tasha ta 9 daga kusan 7,740 zuwa 8,240 take.

Masu neman ƙarin zangon na da hujja mai ƙarfi, musamman a Afirka, inda akasarin masu shiga intanet ta waya suke shiga, kuma kowa ya san yadda rezo ke nauyi da yamma a manyan birane. Masu kare UWB kuma na cewa an riga an zuba fasahar a ɗaruruwan miliyoyin wayoyi, motoci da masana'antu, kuma dogon ƙarfen rezo ya fi akwatin Wi-Fi ƙarfi nesa ba kusa ba. A doka dai mai lasisi ne ke da gaskiya, UWB baƙuwa ce da aka ba aron wuri.

Injiniyoyin ba su zauna jiran hukunci ba. A sabuwar ƙa'idar IEEE mai lamba 802.15.4ab, an tsara a haɗa UWB da wani ɗan siririn rediyo mai taimaka mata: shi zai ɗauki nauyin gaisuwa, daidaita agogo da miƙa bayanai, ita kuma ta tattara ɗan ƙarfinta kan awo kawai, tana tara bugu na tsawon lokaci don ta ji daga nesa.

Abin da mai amfani zai iya yi

Ba kowace waya ke da UWB ba. Jerin iPhone SE ba su da ita, a Samsung kuma galibi manyan samfura irin su Plus, Ultra da Fold ne ke ɗauke da ita. Mai sayen waya ta hannu don aikowa gida ko don makullin mota ya kamata ya duba wannan kafin ya biya. Idan kibiyar neman kaya na rawa ko tana ɓacewa, matsawa ƴan taku daga akwatin Wi-Fi da juyowa don kada jikinka ya shiga tsakani na iya gyara lamarin, tunda ninka tazara biyu na rage ƙarfin kutse sau huɗu. Mai mota mai buɗewa da kanta wadda ba ta da UWB kuma, ajiye makulli a cikin gwangwanin ƙarfe mai murfi, nesa da ƙofar gida, na rage haɗarin satar miƙa sigina.

Sauran aikin na hukumomi ne. A Nijar, hukumar ARCEP ce ke kula da rabon zangon sadarwa, kuma ƙasashen nahiyar kan daidaita matsayarsu a ƙarƙashin Ƙungiyar Sadarwa ta Afirka kafin su tafi taron ITU. Abin da za a yanke a 2027 kan megahaz 7,750 zuwa 8,400 zai shafi saurin intanet a Yamai da Maraɗi, zai kuma shafi ko makullin mota da kibiyar neman akwati za su ci gaba da faɗin gaskiya idan aka kafa sabon ƙarfen rezo a bakin titi.